Yarona ya canza hali tun da ya fara shan maganin farfaɗiya

Uwar gida daga ƙauyen Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Yarona ɗan shekara 6 yana da farfaɗiya, wata 3 kenan likita ya ɗora shi kan phenobarbital, alhamdulillahi faɗuwar ta tsaya amma wallahi yaron ya zama wani daban, ba ya zama wuri ɗaya, dare ya yi ba barci, jiya ma ludayi ya jefi ƙanwarsa da shi don ta taɓa masa koko. Surukata ta ce aljanu ne, a bar ƙwayar. Maganin ne ko me?

Ma'aikaciyar jinya, Dutse:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Phenobarbital an san shi da wannan, manya yakan sa su barci, yara kuma rawar kai da saurin fushi. Amma don girman Allah kar ki tsayar da shi kwatsam, ciwon zai iya dawowa ya riƙe shi ya ƙi saki, hakan har kisa yana yi. Ki koma wurin likita ki faɗa masa komai, shi zai rage a hankali ko ya canza masa zuwa carbamazepine ko valproate.

Baban yara, Bichi:
Tawa 'yar, wani maganin farfaɗiyar mai suna Keppra aka ba ta, abu kaɗan sai kuka da cizo, da muka koma aka gyara adadin ta lafa. Ki riƙa rubuta abin da yake yi kullum a littafi ki tafi da shi. Kuma kar a dake shi, ba da gangan yake ba.

Uwar gida:
Na gode, ranar Litinin zan sa babansa ya kai mu, da Inna za mu je ta ji da kunnenta.