Jirgin yaƙi ko ƙarin soja a ƙasa: ina ya kamata kuɗin tsaro su tafi?

Manomin Gero:
Assalamu alaikum jama'a. Daga wani ƙauye a Zamfara nake. Damina uku ke nan ban taka babbar gonata ta hayin rafi ba, sai 'yar ta bakin gari nake nomawa. Wani lokaci da hantsi jirgin yaƙi kan wuce ta kanmu, yara su fito da gudu suna ɗaga masa hannu, mu ma manya mu ji sanyi a rai. Amma la'asar na yi kowa zai kora awakinsa cikin gida ya tokare ƙofa, don jirgi ba ya kwana a gari. Jiragen yaƙi ƙirar Super Tucano 12 da aka sayo daga Amurka, suka iso a 2021, sun ci kusan dala miliyan 500. Da kuɗin nan aka ɗebi sojoji aka girke su a garuruwa irin namu, ba zai fi ba?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya mayar da kai gonarka. Kada ka raina jirgi, wanda aka taɓa yi wa ƙawanya a daji ya san daɗin jin ƙararsa. Sai dai jirgi kora yake yi, riƙe wuri kuwa sai mai takalmi a ƙasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne an ɗora wa soja aikin ɗan sanda. Shingen hanya soja, gadin zaɓe soja, rikicin manoma da makiyaya soja. An buɗe Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, daga baya ta 8 a Sakkwato, amma sabon allo a ƙofar bariki ba ya haifar da mutum. Kurtu sai ya yi wajen wata shida a Zariya kafin ya zama soja, kuma ɗibar tasa ita ce mai sauƙi. Albashinsa fa? Asibiti in ya ji rauni? Haƙƙin matarsa in ya kwanta dama? Na ga yaro ya shekara uku a fagen daga ba a canza shi ba, ya dawo ko ƙarar murfin tukunya ta faɗi sai ya zabura. Da ni ne, zan fara da gyara 'yan sanda su karɓi garuruwa, soja ya koma daji, a riƙa canjin mutane a kan lokaci.

Malamar Islamiyya:
Baba Saje, Allah Ya ƙara girma. Ni Tudun Biri ce ba ta fita daga raina. Disambar 2023, mutane na taron Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, jirgin soja marar matuƙi ya sako musu bam, sama da mutum 80 suka rasu, da yawansu mata da yara. Kafin nan an yi irinsa a Rann ta jihar Borno a 2017, a sansanin 'yan gudun hijira. Na'urar ta ga taro, amma babu wanda ya san taron na mene ne. A zuba kuɗi wajen tattara bayanan sirri, a sami jami'ai masu jin yaren wurin, waɗanda mai unguwa zai iya kira cikin dare ba tare da tsoron a tona shi ba.

Ɗan Kakuri:
Duk inda aka karkata kuɗin, sai an san yadda ake kashe su. Kun tuna dala biliyan 2.1 na makamai da aka tuhumi Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a kansu tun 2015? Sannan ga DICON, hukumar ƙera makamai ta gwamnati, nan Kaduna tun 1964, har yau muna dogara da makaman waje. An sa hannu a sabuwar dokarta a 2023. Ina so in ga ranar da harsashi da rigar sulken kowane soja za su fito daga nan.

Manomin Gero:
Na gode muku. Baba, maganar 'yan sanda ta shige ni. Ofishinsu mafi kusa da mu tafiyar awa guda ce a babur, in hanya ta yi kyau. In za a kawo su, don Allah a kawo su kafin ruwan shuka ya sauka.