Wai da gaske akwai ƙarfen da zafin Argungu zai narkar?

Ɗalibi, Argungu:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce akwai wani ƙarfe, sisiyam, mai lamba 55 a jadawalin sinadarai, wai zafin garinmu kaɗai ya isa ya narkar da shi. Ni dai ban gamsu ba. Ƙarfe fa?

Malamin kimiyya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena. A digiri 28.5 yake narkewa, mu kuwa a watan Afrilu har 40 muke haurawa. Sai dai ba abin riƙewa ba ne. Da ya taɓa ruwa sai ya fashe, a iska ma kama wuta yake yi, shi ya sa ake liƙe shi cikin kwalbar gilashi.

Injiniya, Jega:
Malam, ka bar babban amfaninsa. Tun 1967, da nau'insa da ake kira sisiyam-133 ake auna daƙiƙa: kaɗawar hasken da ƙwayar zarrarsa ke fitarwa sau 9,192,631,770 ita ce daƙiƙa ɗaya.

Ma'aikaciyar lafiya, Gusau:
Ni wani nau'insa, sisiyam-137, ne ke damuna, wanda ke fitowa daga tsagewar yuraniyam. Sai kusan shekara 30 ƙarfin tururin nukiliya mai cutarwa da yake fitarwa ke raguwa da rabi. A 1987, a garin Goyaniya na Brazil, 'yan gwangwan suka ɓalle tsohuwar na'urar ƙona cutar kansa (ciwon daji), suka tarar da garin sisiyam-137 mai walƙiya shuɗi. Aka yi ta rabawa 'yan'uwa, har yarinya ta ci abinci da shi a hannu. Mutum 4 suka rasu. Yayana sana'ar gwangwan yake yi, kullum ina ja masa kunne kan injin asibiti.

Ɗalibi, Argungu:
Subhanallahi! To Anti, yaya mutum zai gane irin wannan injin?