Shin har yanzu titunan Monako sun dace da tseren Formula 1?

Sabon Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum. Ban jima da fara bibiyar tseren motoci na Formula 1 ba, kuma tseren Monako ya ɗaure mini kai. A 2024 na kalli zagaye 78 ɗin gaba ɗaya, amma direbobi goma na farko suka gama a daidai jerin da suka tashi, Charles Leclerc yana kan gaba. Me ya sa wuce mota yake da wuya haka a can, kuma me ya sa ake girmama wannan tsere fiye da sauran?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tushen matsalar shi ne motoci sun girma, titin kuwa yana nan da ƙuncinsa. Tun 1929 ake tseren a kan titunan da jama'a suke bi kullum, kuma zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne kacal, alhali motar da ka gani faɗinta mita 2 ne, tsawonta kuma ya haura mita 5. A kwanar da take gaban otal ɗin Fairmont sai direba ya rage gudu zuwa kusan kilomita 50 a awa, ya juya sitiyari har ƙarshe, hannunsa ɗaya ya hau kan ɗaya, kafin motar ta yarda ta juya. Wurin da aka fi gwada wucewa shi ne inda ake taka birki bayan fitowa daga ramin ƙarƙashin gini, amma muddin na gaba ya tsare tsakiyar titi, to hanya ta toshe. Shi ya sa a 2018 Daniel Ricciardo ya yi nasara duk da injinsa ya rasa ƙarfi mai yawa, Sebastian Vettel yana biye da shi ya kasa wuce shi. A 2024 kuwa, hatsarin zagayen farko ya sa aka ɗaga jar tuta, wato aka dakatar da tseren, direbobi suka canja tayoyi a lokacin, aka rasa tsayawar canja taya a tsakiyar tsere wadda takan sauya jeri.

Mai Son Tarihin Tsere:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai ni a ganina ranar Asabar ake kallon Monako, lokacin da ake gwajin neman gurbin tashi. A filin da aka gina domin tsere, wanda ya yi kuskure yana da fili da tsakuwa da za su tare shi. A nan shingen ƙarfe ne yake jiransa. Idan ka kalli hoton kyamarar da take kan motar a kwanakin da suke zagaye wurin ninƙaya, za ka ga taya tana goga shinge da gangan, domin tazarar yatsa biyu tana iya raba na ɗaya da na biyu. Ayrton Senna ya ci tseren nan sau 6, amma a 1988, yana gaban Alain Prost da kusan daƙiƙa 50, hankalinsa ya ɗan gushe, ya bugi shinge a kwanar Portier. Wannan matsin da ba ya sassautawa ko na ƙiftawar ido shi ne abin da nake girmamawa.

'Yar Kallon Lahadi:
Malam, na yarda da darajar Asabar, amma ranar Lahadi ake raba maki, kuma bai kamata a ce sakamako ya kusa tabbata tun kafin a tashi ba. Laifin ba na titin birni ba ne. Hanyar tseren Baku, babban birnin Azerbaijan, ita ma cikin gari take, har akwai wurin da faɗin titi bai kai mita 8 ba kusa da ganuwar tsohon birnin, amma miƙaƙƙen titinta da ya haura kilomita 2 yana ba na baya damar shiga inuwar iskar na gaba ya wuce shi. Dokar tsayawa sau biyu don canja tayoyi da aka gwada a Monako a 2025 ba ta warware komai ba, domin wasu ƙungiyoyi sun sa direba ɗaya ya rage gudu ya tare na baya, don abokinsa ya samu tazarar canja tayoyi. Motocin Formula E masu aiki da lantarki, da yake sun fi ƙanƙanta, suna wuce juna sau da yawa a kan waɗannan tituna, saboda haka ni a kan girman mota nake so a matsa wa FIA, hukumar da ke kula da dokokin tseren motoci ta duniya.