Mece ce Hausar "sampler" a ɗinkin hannu?

Malama Hauwa:
Assalamu alaikum. Ina fassara wa ɗalibaina darussa daga tsofaffin littattafan surfani na Turai, sai kalmar sampler ta tsaya mini. Wani yanki ne na yadi, galibi lilin, da mai ɗinki ke zuba ire-iren ɗinki a kansa. Asalinsa a ƙarni na 16, littattafan zanen ɗinki ba su yawaita ba, ga tsada, don sai wajen 1524 aka fara buga su a Jamus. To idan mace ta ga wani aiki ya burge ta a rigar wata, sai ta ɗinka kaɗan daga cikinsa a kan yadinta, ta naɗe ta ajiye, ran da buƙata ta taso ta warware ta duba. Mafi tsufa na Ingila mai ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke, 1598, yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Ni dai na rubuta "samfur", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Alhaji Musa:
Wa alaikumus salam. Malama, samfur ai na 'yan kasuwa ne. A Kantin Kwari idan aka ce a ba ka samfur, guntun atamfa za a miƙo maka ka je ka nemo irinta. Ɗalibanki za su ɗauka zancen saye da sayarwa kike. Me zai hana "ƙyallen gwaji"?

Malama Hauwa:
Alhaji, ƙyallen gwaji muna da shi, shi ne wanda tela ke gwada keke a kai bayan ya sauya allura, daga nan sai shara. Wannan kuwa har gadonsa ake yi. Na Bostocke da zaren alharini aka yi shi, har da duwatsun ado.

Malam Iliyasu:
Ina ga abu biyu ne ke tafiya da suna ɗaya, shi ya sa kalmar ta yi gardama. Na farkon, na ƙarni na 17, dogo ne siriri, layi bisa layi, kowane layi da nasa ɗinkin, ana ƙara masa abu muddin mai shi na raye. Wannan kundi ne, irin wanda malami ke tara fa'idoji a ciki, ba don bango aka yi shi ba. Amma daga ƙarni na 18 abin ya koma aikin 'yan mata a makaranta. Ya zama mai kusurwa huɗu, da ado a gefe, a ciki ga baƙaƙen abacada, ga lambobi, ga baitin wa'azi, a ƙasa yarinya ta ɗinka sunanta da shekarunta, iyaye su rataye a ɗaki. Baƙaƙen ma ba ado kawai ba ne: a gidajen marayu na birnin Bristol a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mata na cika yadi da baƙaƙe da jan zare, domin idan sun shiga aikatau su ne za su riƙa sa wa zannuwan gado da tufafin masu gida alama, kada su ɓace wajen wanki. Wannan na biyun allo ne. Kai, allon zayyana ma, tunda shaida ce ta an koya an iya.

Alhaji Musa:
Malam, allo fa wanke shi ake yi.

Malam Iliyasu:
Na zayyana ba a wanke shi, Alhaji.

Hajiya Rabi:
Ku bar ni in sa baki, ni da allura na girma. Mu a Zariya masu aikin babbar riga ba su san wannan ƙyallen ba. Mai zane ne ke zana aska biyu ko aska takwas da tawada a kan rigar, yaro ya bi da allura yana kallon hannun maigidansa. Don haka kada a wahala neman tsohuwar kalma, sabuwa za a ƙirƙira. Ni allo na zaɓa. Kowace yarinya ta san a kan allo ake koyo, kuma abin da Malama za ta sa su yi ke nan: yau ɗinki mai gicciye, gobe na sarƙa, layi bayan layi. Kundi kuwa da an faɗa, takarda ke zuwa a rai.

Malama Hauwa:
Hajiya ta raba gardama. "Allon surfani" ko "allon ɗinki"?

Hajiya Rabi:
Ɗinki, 'yata. Akwai waɗanda aka yi su don koyon cike huji a yadi, Holan ta yi suna a kansu, kuma wannan ba surfani ba ne.

Malama Hauwa:
To shi ke nan, allon ɗinki, jam'i allunan ɗinki. Dogon nan na ƙarni na 17 zan kira shi allon ɗinki mai layi-layi. Malam Iliyasu, a yi haƙuri, kundinka zan bar wa littattafan zanen su kansu.

Malam Iliyasu:
Na yarda, amma a rubuta "kundin zanen ɗinki", kada a ɗauka na laƙani ne.