Muhawara: Da gaske hitar ruwa ta kan rufi ta zama tsohon yayi tunda fanel ɗin sola ya yi araha?

Mai Wayarin: Jama'a, ga maganar da zan tsaya a kai. A ƙauyen da rana take da ƙarfi, wanda zai bar dafa ruwan wanka da itace ko gas, kada ya sayi hitar nan mai tanki da bututan gilashi da ake ɗorawa a kan rufi. Ya sayi fanel ɗin sola na lantarki, ya haɗa shi da tanki mai ƙarfen hita a ciki. Farashin fanel ya faɗi warwas idan aka kwatanta da shekara goma da suka wuce, fanel ba ya yoyo, ba ya fashewa don ruwa ya ƙare, kuma idan ruwan ya yi zafi wutar da ta rage tana da wani amfani a gida. Hitar rufi kuwa zafi kawai ta iya.

Injiniya: Malam, kafin a yanke hukunci a yi lissafi. Ɗaga zafin lita 1 na ruwa da digiri 1 yana cin kusan wat-awa 1.16. Tanki mai lita 150, daga digiri 20 zuwa 60, ya zama 150 sau 40 sau 1.16, wato kusan kilowat-awa 7. A wuri mai rana sosai, kowace murabba'in mita tana samun kilowat-awa 5 zuwa 6 na hasken rana a yini. Hitar rufi mai kyau tana mayar da kamar rabin wannan ya zama zafi a cikin ruwa, don haka murabba'in mita 2 zuwa 3 ya isa. Fanel na lantarki kuwa kusan kashi 20 cikin 100 yake kamawa. Fanel na kilowat 1 zai ba ka kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini, kenan kana buƙatar kilowat 1.5, wato fanel huɗu masu wat 400, fili kusan murabba'in mita 8. Ninki uku kenan na wuri.

Mai Wayarin: A ƙauye wa ya rasa fili, Injiniya? A birni ake rigimar rufi.

Injiniya: Na yarda, fili ba matsala ba ne. Amma haɗin fa? Mutane suna ɗauka za a ja waya daga fanel a ɗaura kai tsaye a ƙarfen hitar da ake sayarwa, shi kenan. Ƙarfe mai wat 2000 da aka yi don bolt 230 yana da turjiya kusan om 26. Fanel uku masu wat 400 a jere suna ba da mafi kyawun ƙarfinsu a wajen bolt 93 da amfiya 13, wato suna son turjiyar om 7. Ka haɗa su da om 26, abin da zai shiga ruwa ba zai kai wat 500 ba daga cikin 1200 ɗin da ka saya. Na biyu ya fi haɗari: makunnin da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi an yi shi ne don wutar gida mai jujjuyawa. Wutar fanel miƙaƙƙiya ce, idan makunnin ya buɗe sai tartsatsi ya tsaya tsakanin bakunansa, ya narkar da su ko ya manne su wuri ɗaya, hita ta ci gaba da dafa ruwa ba mai tsayar da ita. Dole a sa na'urar daidaita wuta da aka yi don wannan aikin, ko a bi ta inbata, wadda ke mayar da wutar fanel irin ta gida.

Mai Wayarin: Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a yi haɗin ganganci ba. Na'urar tana nan, ana samu. Wanda ma yake da inbata a gida sai ya sa agogon kunnawa, hita ta ci wuta daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na yamma, lokacin da batir ya riga ya cika kuma fanel yana zaune ba aiki. Sharaɗi ɗaya ne, kada hita ta taɓa jan wuta daga batir da dare. Kilowat-awa 7 zai ƙarar da batir ɗin yawancin gidaje a dare ɗaya. A kuma sa ƙarfe mai wat 1000 maimakon 2000 don inbata ta samu sauƙi.

Mai Famfo: Ku duka kuna ta wuta da rana, ba wanda ya tambayi ruwan. A wurina ruwan ne ke yanke wannan hukunci. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana da alli a narke. Da zarar ya haura digiri 60 allin yana fita ya manne, irin farin ɓawon nan da ake gani a gindin butar dafa ruwa. A hita mai bututan gilashi wadda ruwa ke shiga cikin gilashin kai tsaye, ɓawon yana taruwa a gindin kowane bututu, laka ma ta bi ta kwanta. A hita mai faranti kuwa, wadda shimfiɗaɗɗen ƙarfe ke kama mata zafin rana maimakon bututan gilashi, siraran bututan jan ƙarfe ne suke toshewa, ruwa ya daina zagayawa, mai gida ya ce rana ce ta yi rauni. Kuma hitar rufi ba ta da birki: ranar da ba a yi wanka ba ruwan zai kai digiri 80 ko 90, allin ya fita da yawa.

Amma kada Malam mai wuta ya yi murna. Ƙarfen hita ma ɓawon yana lulluɓe shi, zafin ya kasa fita, ya ƙone. Bambancin shi ne ƙarfe guda ne, a kwance shi a jiƙa a ruwan tsami mai cin alli ko a sauya sabo, kuma ana iya tsayar da zafin a 60. Don haka a ruwa mai alli ina bayan Malam, sai dai in za a sayi hitar rufi mai zagaye biyu, wadda ruwan da ke bi ta faranti daban yake, a rufe, yana miƙa zafinsa ga ruwan wanka ta jikin tanki. Gwajin kuwa ba wuya: a duba tukunyar da ake tafasa ruwa a gidan kullum, a kuma lura ko sabulu yana kumfa da sauri.

Malama: Malam mai famfo, ruwa mai zartsi fa? Tankin ake ji.

Mai Famfo: Shi ya fi muni, Malama. Gishirin da ke cikinsa yana huda ƙarfen nan mara tsatsa mai lamba 304, musamman a bakin walda, kuma zafi yana ƙara masa sauri. A nan tanki mai rufin tangaran a ciki ya fi, da sandar magniziyam da ake ɗaurawa don tsatsa ta ci ta a madadin tanki. A duba sandar duk shekara. In ta cinye ba a sauya ba, tankin ne na gaba.

Malama: To ni ina ganin an tsallake tambayar farko, wato ruwa nawa ake buƙata, kuma yaushe. Ba wanda ke wanka da ruwan digiri 60. Ana surka shi ya dawo wajen 40. Idan ruwan sanyi yana 20, rabi da rabi ne, kenan tankin lita 150 yana ba da lita 300 na ruwan wanka, bokiti 15 masu lita 20. Gida mai mutum shida da ke wanka da bokiti, lita 100 ma ya wadatar. Sayen babban tanki ba tare da ƙara faranti ba yana jawo ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai taɓa kaiwa 60 ba, kuma tsakanin digiri 20 da 45 ne ƙwayar lejiyonela ke yaɗuwa, mai kawo ciwon huhu idan an shaƙi feshin ruwan a shawa.

Sannan wankan da ya fi buƙatar zafi na asuba ne, a lokacin sanyi. Rana ta faɗi tun jiya. Tankin hitar rufi yana kwana a waje iska tana bugunsa. In muka ɗauka yana zubar da wat 2 a kan kowane digiri na bambanci da iskar waje, bambancin digiri 40 na awa 12 ya kusa kilowat-awa 1, wato ruwan lita 150 zai sauka da digiri 5 ko 6. Wannan ba laifi. Abin da ke kashe zafin shi ne wankan yamma: duk litar da ta fita, ta sanyi ce ke maye gurbinta, kuma ba ranar da za ta dafa ta kafin safiya. Tankin da ke cikin ɗaki, irin na Malam mai wuta, ya fi riƙe zafi, amma shi ma wannan matsalar ta wankan yamma tana kansa.

Dattijo: Ni dai kalmar tsohon yayi ce ban yarda da ita ba. A Isra'ila tun 1980 doka ta wajabta hitar rana a yawancin sababbin gidaje, har yau ita ce a kan mafi yawan rufinsu. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa ƙera fanel, ita ce kuma ta fi kowa yawan hitar rufi, akasari mai bututan gilashi. Dalili ɗaya ne: ba famfo mai wuta, ba waya, ba na'ura. Ruwan zafi ya fi sauƙi sai ya hau, na sanyi ya sauko. Inda mai gyara yake da nisa, abin da ba shi da lantarki a jikinsa ya fi daɗewa. 

Mai Famfo: Haka ne Baba, in an kafa ta daidai, kuma a nan ake yawan ɓata ta. A irin wadda tanki da faranti suke a rabe, gindin tanki ya kasance aƙalla santimita 30 sama da kan faranti, in ba haka ba da dare zagayen yana juyawa, faranti ya riƙa sanyaya ruwan. Bututun da ke hawa kada ya yi doro ko kaɗan, iska tana maƙalewa a wurin ta tsayar da komai. Babban tankin gida dole gindinsa ya fi kan hitar tsawo. Tsayin mita 10 ne ke ba da matsi 1 a ma'aunin da ake kira bar, don haka tanki a mita 3 sama da shawa matsinsa ba ya wuce 0.3, ruwan zai zo a hankali. Na zafi da na sanyi su fito daga tanki ɗaya, in ba haka ba mai ƙarfin zai danne ɗayan a famfon surki.

Hita mara matsi tana da bututun numfashi a sama, kada a toshe shi ko da yana ɗiga. Mai matsi kuwa sai da bawul ɗin kariya, bakinsa a karkata ƙasa inda ba yara. Bututun gilashi da ya tsaya a rana babu ruwa yana haura digiri 200, a zuba masa ruwan sanyi ya fashe nan take, kuma guda ɗaya in ya fashe duk tankin zai zube. Don haka cikawa sai da asuba ko bayan faɗuwar rana, in kuma za a yi tafiya a rufe bututan da tabarma ko buhu. Kusa da hitar a sa jan ƙarfe, farar robar nan ta ruwan sanyi tana laushi tun a digiri 60. Nauyi ma a duba, lita 150 da ƙarafunanta ta haura kilo 200, ba kowane rufin kwano ke ɗauka ba, gara a yi mata dandamali.

Injiniya: A ƙara da fuskanta: ta kalli kudu in ana arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita, arewa in ana kudu. Karkatar ta yi daidai da digirin nisan wurin daga wannan layin, amma kada ta gaza digiri 10 zuwa 15 don ƙura ta samu zamewa. Akwai kuma hanya ta uku da ba a ambata ba, injin jan zafi daga iska, wanda aikinsa irin na firji ne amma a juye. A iska mai ɗumi, kilowat-awa 1 na wuta yana ba da kusan 3 na zafi, kenan kilowat-awa 7 ɗin nan ya dawo ƙasa da 2.5, fanel biyu sun isa.

Dattijo: In kwamfuresa ta tsaya ko gas ya zube, wa zai zo?

Injiniya: Mai gyaran firji, in akwai shi kusa. In babu, na janye.

Mai Wayarin: To na rage maganata, amma ban ajiye ta ba. Inda ruwa yake da alli, ko gidan ya riga ya mallaki fanel da inbata, lantarki ya fi. Inda ruwa yake da daɗi kuma babu wuta sam, na bar wa Baba.

Malama: Ko wacce aka zaɓa, a sa bawul ɗin surki a bakin tanki, a tsayar da shi a digiri 45 zuwa 50, domin ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙa kaɗan, na yaro ma ya fi sauri. A kuma kafa tankin kusa da banɗaki. Bututu mai faɗin milimita 16 a ciki yana riƙe lita 0.2 a kowace mita, mita 20 kenan lita 4 na ruwan sanyi za su zube kafin zafi ya iso, duk lokacin da aka buɗe famfo.

Mai Famfo: Bawul ɗin a tambayi mai ƙaramin matsi. Da yawa daga cikinsu ba sa aiki sosai a matsin 0.3.