Muhawara: Shin "thou" kalmar girmamawa ce a tsohon Turanci?

Nura: Assalamu alaikum. Ina so a raba mana gardama. A fassarar Alƙur'ani ta Yusuf Ali, cikin Fatiha, an rubuta "Thee do we worship". Na gaya wa ƙanena mai shirin WAEC cewa thou da thee kalmomin girmamawa ne, na Allah da sarakuna, you kuwa na kowa da kowa. Ya ce malaminsu na adabi ya musa. Ni dai ina nan kan bakana.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, malamin nan ya fi ka gaskiya. Kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, batun adadi ne kawai: thou ga mutum ɗaya, ye ga jama'a, kamar kai da ku. Da sarki da bawa duk thou ake ce musu. Da Faransanci ya zama harshen fada, sai daga wajen ƙarni na 13 manya suka kwaikwayi yadda Faransawa ke raba tu (kai) da vous (ku), aka riƙa ce wa babban mutum ye ko you ko da shi kaɗai ne. Thou ya koma na 'ya'ya da barori da masoyi, da kuma wanda ake so a ci wa fuska.

Hajiya Rabi: Malam, ban gamsu ba. Turawan wancan zamani mutane ne masu riƙo da addininsu. Ta yaya za su ɗauki kalmar da ake kiran bara da ita su kira Ubangiji?

Malam Habu: Hajiya, dubi inda abin ya samo asali. William Tyndale, wanda aka buga fassararsa ta Sabon Alkawari a 1526, daga Girkanci ya fassara, Girkanci kuwa yana raba tilo da jam'i. Duk inda ake magana da ɗaya sai ya sa thou, inda jama'a ne ya sa ye. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 ta bi sahunsa. A cikinta har Shaiɗan da wannan kalma aka kore shi: "Get thee behind me, Satan". Da girmamawa ce ai ba za a ba shi ba.

Barista Aminu: Bari in ƙara da abin da ya faru a kotu. A 1603 aka gurfanar da Sir Walter Raleigh a Winchester bisa zargin cin amanar ƙasa. Mai gabatar da ƙara, Edward Coke, da ransa ya ɓaci sai ya ce masa "I thou thee, thou traitor", wato da gangan nake ce maka thou, kai maci amana. Mutum mai muƙami irin Raleigh you ya cancanta, hana shi ita ce cin mutuncin. Haka 'yan ɗarikar Quaker, mabiyan George Fox, suka sha duka da zagi don sun ƙi ce wa alƙalai da masu sarauta you. A wurinsu mutum ɗaya thou ne ko wane ne shi. Har littafi suka fitar a 1660 don kare wannan matsayi.

Nura: Duk na ji, Barista. Amma ni ba littafin 1603 nake karantawa ba. Bature Pickthall ya fitar da fassararsa ta Alƙur'ani a 1930, Yusuf Ali ya fara fitar da tasa a 1934. A lokacin thou ya daɗe da barin bakin mutanen London, ba a jin sa sai a coci da cikin waƙa. Baturen da ya buɗe Fatiha a 1934 girma da kwarjini ya ji a kalmar, ba raini ba. Ma'anar kalma ita ce abin da masu ji suka fahimta a zamaninsu.

Malam Habu: A kan ƙarni na 20 ba ni da ja. Damuwata ita ce ɗalibin da zai ɗauki wannan fahimta ya shiga da ita cikin Shakespeare. Ɗauki Romeo da Juliet. Da suka fara haɗuwa a wajen liyafa, Juliet you take ce masa, don baƙo ne. Cikin daren nan a baranda sai ta koma thou, "wherefore art thou Romeo". Masu kallo na wancan lokaci daga wannan sauyi suke gane cewa ta riga ta sa shi a zuci. Wanda ya ɗauka girmama shi take yi ya juya wasan a baibai. Wherefore ɗin ma ɗalibai da yawa na zaton tambayar inda yake take yi, alhali don me take nufi: don me ka zama Romeo, ɗan gidan abokan gabarmu.

Hajiya Rabi: To yanzu kalmar ta mutu ke nan?

Barista Aminu: Ba gaba ɗaya ba, Hajiya. A Yorkshire da Lancashire, a arewacin Ingila, har yau ana jin tha da thee a bakin wasu, kuma tsakanin abokai da 'yan gida ake faɗa.

Malama Zainab: Yaya Nura, ka ci gaba da karatu a fassarar da ke hannunka. Inda ake magana da Annabi (SAW) za ka ga thou, inda ake kiran muminai za ka ga "O ye who believe". Fir'auna ma thou ake ce masa. Larabci ya raba anta da antum, iyyaka kuma tilo ce, you na yau kuwa ya haɗe su duka. Ina ganin wannan rabewar ce mai fassara ke son tsarewa. Hajiya, a fassarar Sheikh Abubakar Gumi "Kai muke bauta wa" aka rubuta, kuma ba Bahaushen da ya taɓa jin raini a ciki, ko da yake kai ɗin nan ita muke ce wa yaro.

Nura: Malama, batun Fir'auna hujja ce mai ƙarfi, zan duba ayoyin. Sai dai a Fatiha da babban baƙi aka rubuta Thee, kamar yadda aka rubuta Kai. Wannan kam girmamawa ce.

Malama Zainab: Girmamawa ce, amma babban baƙin ne ya ɗauke ta. Sababbin fassarori da suka daina thou su ma da babban baƙi suke rubuta You idan Allah ake nufi.