Tambaya kan wutar zuciya: me ya hana ɗakuna huɗu su matse a tare?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, kuma mun shiga darasin zuciya. Hanyar jini kam na riƙe ta: yana dawowa daga jiki ya shiga ɗakin sama na dama, ya sauka ɗakin ƙasa na dama, a tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa, daga nan babbar jijiyar ayota ta raba shi ga sassan jiki. Inda na maƙale shi ne maganar wutar lantarki. An ce daga ƙullin SA take tashi, wato ɗan curin ƙwayoyin da ke kunna kowane bugun zuciya, kuma ƙwayoyin tsokar zuciya a haɗe suke da juna, to me ya hana wutar ta game ko'ina nan take? Jarrabawa ta matso, kuma ba na son in haddace abin da ban gane ba.

Malamin Kwaleji:

Wa alaikumus salam, 'yata. Amsar tana cikin wani abu da ɗalibai kan tsallake a littafi. Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa akwai wani zobe na nama mai tauri wanda bawul ɗin zuciya, wato marufan da ke hana jini komawa baya, suke zaune a kansa, kuma wuta ba ta ratsa shi. Saboda haka idan saƙo ya tashi daga ƙullin SA, da ke jikin ɗakin sama na dama kusa da mashigar babbar jijiyar da ke sauko da jini daga kai da hannuwa, zai bazu a ɗakunan sama biyu su matse, amma ba shi da hanyar sauka ƙasa sai ta ƙofa guda, wato ƙullin AV, kamar gidan da ba a shigarsa sai ta zaure.

A wannan zauren ake tsayar da saƙon na kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Jinkirin ya yi kama da ƙanƙani, amma a cikinsa ne ɗakunan sama suke ƙarasa juye jininsu a na ƙasa. Da a ce duka huɗun za su matse a tare, da bawul ɗin da ke tsakaninsu sun rufe tun jinin bai gama sauka ba.

Bayan an sake shi kuwa sai gudu. Saƙon yana bin damin His, wato zaruruwan da ke ɗauko wuta daga ƙullin AV, ya rabu reshen dama da na hagu ta cikin bangon tsakiya, ya isa tsinin zuciya, sannan ƙananan zaruruwan da ake kira Purkinje su watsa shi cikin bangon ɗakunan ƙasa. Shi ya sa matsar take farawa daga ƙasa ta yi sama, domin mafitar jini zuwa huhu da ayota a sama suke, kuma mai son fitar da ruwa daga salka daga gindi yake matsowa. Wani likita ɗan Japan, Sunao Tawara, shi ne ya bayyana ƙullin AV a shekarar 1906.

Nas a Ɗakin Gaggawa:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ƙanwata, duk abin da ya faɗa za ki gan shi a takardar ECG, wato gwajin da ke zana wutar zuciya. Ɗan tudun farko, P, wutar ɗakunan sama ce. Tsinin QRS na ɗakunan ƙasa ne. T kuma komawarsu ce hutu. Jinkirin zauren yana cikin tazarar PR, daga farkon P zuwa farkon QRS, wadda ke tsakanin daƙiƙa 0.12 da 0.20, wato ƙananan akwatuna uku zuwa biyar, tun da kowane ƙaramin akwati 0.04 ne idan takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa.

An taɓa kawo mana wani dattijo yana fama da jiri da suma. Na riƙe wuyan hannunsa na ƙirga minti guda cur, bugun bai kai arba'in ba, ga fuskarsa ta yi fari. A takardarsa P na tafiyarsa, QRS na tasa, ba ruwan wani da wani. Ƙofar ce ta toshe gaba ɗaya, ɗakunan ƙasa suka koma bugawa da kansu. Ƙullin SA yana bayar da bugu 60 zuwa 100 a minti, na AV 40 zuwa 60, zaruruwan ƙasa kuwa 20 zuwa 40 kawai, kuma wannan ba ya wadatar da ƙwaƙwalwa.

Ɗalibin Likitanci:

Ke nan, Malam, idan ECG ya yi kyau za mu iya cewa zuciya tana harba jini yadda ya kamata?

Malamin Kwaleji:

A'a, ɗana, kuma ina roƙonka kada ka shiga ɗakin marasa lafiya da wannan fahimtar. Takardar wuta kawai take nunawa, ba ta nuna ƙarfin tsoka. Akwai yanayin da allo ke nuna layi mai tsari alhali babu bugu a jijiyar wuya, kuma irin wannan mutum danna ƙirji yake buƙata nan take. Zuciyar babban mutum a hutu tana fitar da kimanin mililita 70 a kowane bugu, kusan lita biyar a minti, kuma ana tabbatar da wannan aikin ne ta taɓa bugun jijiya, da auna ƙarfin jini, da duba ɗumin hannuwa da ƙafafu, da sanya abin sauraro a ƙirji.